Richard Arkwright, Wanzamin da Ya Ƙera Injin Kaɗi

A ƙasarmu ta Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kakanninmu mata da mazari su ke kaɗi. Mace ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta dangwali alli, ta yini tana murza mazari. Mutanen Ingila ma da hannu su ke kaɗi a zamanin da, har masaƙa su kan zauna jiran zare.

A cikin wannan zamani aka haifi Richard Arkwright a garin Preston, a shekarar 1732. Ubansa maɗinki ne, ba shi da halin sa shi makaranta. Da ya tasa ya koyi wanzanci, ya kafa rumfarsa a Bolton. Nan ya riƙa jin kukan masaƙa a kan ƙarancin zare.

Sai ya haɗa kai da wani maƙerin agogo, John Kay, suka ƙera inji. Ga yadda ya ke aiki. An jera ƙarafa mulmulallu kamar na gurza, biyu biyu. Na gaba sun fi na baya saurin juyawa, don haka su kan ja auduga ta yi siriri, sa'an nan mazarai su murɗe ta ta zama zare mai ƙarfi. A 1769 hukuma ta ba shi takardar mallakar injin. Da fari dawaki ke juya shi, amma a 1771 ya gina ma'aikata a Cromford inda ruwan rafi ke juya shi dare da rana.

Ba kowa ya yi murna ba. Masu kaɗin hannu suka ga abincinsu zai yanke, har a 1779 jama'a suka ƙone wata ma'aikatarsa. A 1785 kotu ta soke wata takardarsa ta mallaka, don an kawo shaida cewa dabarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Kuma yara ƙanana kamarku, har 'yan shekara bakwai, sun sha wahalar aiki a ma'aikatarsa.

Duk da haka Sarkin Ingila ya ba shi girma a 1786. Ya rasu a 1792, yana babban attajiri.

Jikokin injin nan nasa sun iso Arewa a 1957, sa'ad da aka buɗe masaƙar Kaduna. To, yara, in kun ga tufa ta yi araha, ku tuna da mai dabarar, ku kuma tuna da waɗanda suka sha wuyarta.