TUNA BAYA: KYAFTIN CHARI MAIGUMERI, SOJAN DA YA YI WA SARAKUNA BIYU YAƘI

A wannan fitowa filinmu ya waiwayi wani gwarzo da da yawa daga cikin yaranmu na Ajegunle da Agege ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa akwai barikin soja sukutum a Lakwaja da ke ɗauke da sunan nasa. Wannan bawan Allah shi ne marigayi Chari Maigumeri, mutumin ƙasar Barno.

Kamar yawancinmu, shi ma neman abinci ne ya raba shi da gida. Wajen 1913, yana ɗan saurayi, ya shiga aikin soja a Kamaru, wadda a lokacin take hannun Jamus. Bai daɗe da sa kaki ba sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914. Rigima ce ta Turawa can a ƙasashensu, amma ga shi ta iso har bakin kogin Binuwai, aka jera baƙar fata suna harbin juna, wasunsu ma harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya.

A Garwa Chari ya fara jin ƙarar harsashi. Cikin watan Agusta 1914 sojan Ingila suka taso daga Yola suka far wa garin, amma suka kwashi kashinsu a hannu, har kwamandansu ya rasa ransa. Da suka komo a 1915 tare da Faransawa, sun zo da babbar igwa da aka hauro da ita ta kogi. Suka yi ta ruwan wuta har sojan da ke cikin ganuwa suka karaya, wasu suka faɗa Binuwai garin gudu ruwa ya ci su. A watan Yuni Garwa ta miƙa wuya. Chari, wanda Jamusawa suka riga suka yaba wa jaruntakarsa, ya zama fursunan yaƙi.

To, su iyayen gidan nasa fa? Su ma ba su sha da daɗi ba. A nan Ikko aka tattara fatake Jamusawa aka fitar da su, sa'an nan a 1916 aka yi gwanjon kantuna da filayensu, ciki har da na kamfanin G. L. Gaiser. A Kamaru kuwa, sauran Jamusawa da dubban sojansu da mata da yara suka ratsa daji da ƙafa zuwa yankin da Sifen ke mulki. Waɗanda suka maƙale a kan dutsen Mora suka jure yunwa da ƙishirwa shekara ɗaya da rabi, kafin su sauko a Fabrairu 1916. Can gida Jamus, jiragen ruwan Ingila sun toshe hanyar abinci, har a hunturun 1916 zuwa 1917 talakawa suka koma cin irin saiwar da ake ba dabbobi. Sojan Jamus wajen miliyan 2 ne suka mutu, kuma a 1919 aka ƙwace duk ƙasashen da suka mallaka a Afirka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A 1917 Chari ya shiga rundunar Nijeriya ta Ingilishi, aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi waɗanda suka koya masa riƙon bindiga. Wannan fage ne mai ɗaci, domin a shekarar nan yunwa da zazzaɓi sun yi wa sojanmu ɓarna a bakin kogin Rufiji, ga kuma asarar rayuka da aka yi a gumurzun Mahiwa. Allah ya sa yana da sauran shan ruwa, ya komo lafiya. Ya yi ta samun igiya a hankali har ya zama babban Sajamanja na Bataliya ta 3, wato uban duk wani ƙaramin soja da ke cikinta.

Da yaƙin Hitila ya zo, shekarunsa sun haura arba'in, amma bai ja da baya ba. Yana cikin sojan Nijeriya da suka fatattaki Italiyawa, suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, suka nausa har Harar ta ƙasar Habasha. A wannan yaƙi ya sami lambar jaruntaka ta Military Medal. Daga nan sai dajin Bama, inda aka gwabza da Japanawa cikin ruwan sama da laka, kuma a 1944 aka ƙara masa lambar girma ta Daular Ingila. A 1953 ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, a shekarar kuma ya ajiye aiki bayan shekara 36, aka karrama shi da muƙamin Kyaftin.

Wani zai ce, ina ruwanmu da mutumin da ya yi wa Bature yaƙi? Ai da ruwanmu. Ta nan Apapa, maƙwabciyarmu, dubban 'yan Arewa suka hau jirgi zuwa yaƙin da ba su san mafarinsa ba. Wasu sun komo da lambobi, wasu da ƙafa ɗaya, wasu ko kabarinsu ba a gani ba. Chari ya yi sa'a an san sunansa. Sauran kuwa sai dai gunkin nan da dattawa ke kira Soja Idumota ya tsaya a madadinsu.

Saboda haka muna kira ga matasanmu: mu baƙi ne a garin mutane, kada wani ya zuga mu zuwa fitinar da ba mu san inda za ta tsaya ba. Jamus da ƙarfinta ta shiga yaƙi, ta fito da zawarawa da marayu. Wanda kuma kakansa ɗan mazan jiya ne, ya daure ya kawo wa sakataren ƙungiya hoto ko labari, don mu adana.

Allah ya jiƙan Chari Maigumeri da sauran mazan jiya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.