Baba Yara na Kumasi, sarkin ƴan wasan gefe

Duk baƙon da ya sauka Kumasi, babban birnin ƙasar Asante a cikin Gana, in ya tambayi inda ake wasan ƙwallon ƙafa, za a nuna masa wani makeken fili mai ɗaukar mutum wajen dubu 40. Sunan filin Baba Yara. Mutumin Tasawa ko na Mayahi ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan suna, domin kalmomin biyu duka na harshensa ne. Amma ba kowa ya san mai sunan ba, balle yadda ya yi tashe, da yadda wasansa ya yanke rana ɗaya bisa hanya yana ɗan shekara 26. Ga tarihinsa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

Sunansa na yanka Usman Seidu. An haife shi a Kumasi ranar 12 ga watan Oktoba na shekarar 1936, sa'ad da ƙasar take hannun Turawan Ingila, ana kiranta Gwalkwas. Ba abin mamaki ba ne a sami laƙabin Hausa a wannan birni. Tun zamanin kakanni fataken ƙasar Hausa suke bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna komowa da goro. Kasuwar Salaga ita ce matattararsu ta farko. Da ta mutu a ƙarshen ƙarni na 19, sai cinikin ya gangara kudu, baƙi suka kafa unguwanni a Kumasi da sauran birane. Waɗannan unguwanni su ake kira zango, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa mazaunansu, ko daga wace ƙabila suka fito.

Baba Yara bai fara da ƙwallo ba, da doki ya fara. Daga shekarar 1950 zuwa 1955 yana cikin mahayan dawaki a filin sukuwa na Ankara, watau babban birnin ƙasar da ke bakin teku. Sana'a ce mai son yaro marar nauyi, mai zuciya, wanda ya san lokacin da zai ja linzami da lokacin da zai saki. A shekarar 1955 ya aje sirdi, ya koma garin haihuwarsa, ya shiga ƙungiyar Asante Kotoko.

Shekarunsa a Asante Kotoko

An kafa wannan ƙungiya a Kumasi a shekarar 1935. Kotoko a harshen Asante shi ne beguwa, dabbar da masarautar ta ɗauka tambarinta, domin an ce in ƙaya dubu ta zube, wata dubu tana nan tafe. Sarkin Asante shi ne uban ƙungiyar. Saboda haka sanya jar rigarta ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan gari: duk wanda ya sa ta, mutuncin Kumasi ne ya rataya a wuyansa, musamman ranar da aka kara da Hearts of Oak ta Ankara, babbar abokiyar hamayya.

Wurin da Baba Yara yake tsayawa a fili shi ne gefen dama, da lamba 7 a bayansa. A tsarin wancan zamani ana jera mutum biyar a gaba, biyu daga cikinsu a bakin layi, dama da hagu. A tsarin yau sau da yawa ana lissafa mai wannan wuri cikin ƴan wasan tsakiya. Aikinsa shi ne ya karɓi ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ya bi layi da gudu, ya yanke mai tsaron baya, sa'an nan ya ɗago ta gaban raga inda abokansa suke jira. Watau shi ne mai dafawa, wasu su ci. Aiki ne da ke son gudu da wayo da rashin son kai, kuma Baba Yara ya haɗa ukun. Bugu da ƙari, in ya ga ƙofa a buɗe, da kansa yake zura ƙwallo a raga.

Tun a shekararsa ta farko aka kira shi cikin ƙungiyar ƙasa. A shekarar 1955 Gwalkwas ta karɓi Nijeriya a Ankara, ta lallasa ta da ci 7 da nema, kuma biyu daga ciki sabon yaron nan na Kumasi ne ya ci su. Daga ranar sunansa ya fita gari.

Kotoko ma ta ci moriyarsa. A shekarar 1958 ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, wanda a shekarar aka fara shi. A 1959 ta zama zakaran gasar ƙungiyoyin Gana. A 1960 ta sake ɗaukar kofin ƙalubale. Sau biyu ana zaɓen Baba Yara gwarzon ɗan ƙwallon shekara, har aka naɗa masa laƙabin sarkin ƴan wasan gefe na Afirka ta Yamma. Duk da haka, ya kamata a sani ƴan wasan Gana na lokacin ba su da albashi irin na ƙwararrun Turai. Suna da farin jini suke samu, ba dukiya ba.

Yadda gwamnati ta ɗauke shi

Gana ta sami mulkin kai ranar 6 ga watan Maris na 1957, ƙarƙashin jagorancin Kwame Nkrumah. Shi kuwa Nkrumah bai ɗauki ƙwallo abin wasa ba. A ganinsa hanya ce ta haɗa kan ƙabilun ƙasa, da nuna wa duniya cewa baƙar fata ba ya kasa Bature. Ya naɗa Ohene Djan darektan wasanni a shekarar 1960, ya sakar masa ragama. Cikin wannan himma ne aka gayyato Real Madrid ta Sipaniya, wadda ta ɗauki kofin Turai sau biyar a jere, ta zo Ankara a shekarar 1962, ta kara da ƙungiyar ƙasa, aka tashi 3 da 3.

Dabarar da Ohene Djan ya kawo ita ce a kafa ƙungiya ɗaya abar koyi, a tara mata gwanayen ƙasa, su riƙa wasa tare kowane mako, domin ranar da aka kira su wasan ƙasa da ƙasa su zamana sun san juna. Aka sa mata suna Real Republikans: rabin sunan an aro shi daga Madrid, rabin kuma domin Gana ta zama jamhuriya a shekarar 1960. Ƙa'idar ita ce kowace babbar ƙungiya ta ba da gwanayenta biyu. Da aka zo kan Kotoko a shekarar 1961, sai aka ɗauki Baba Yara da wani mai tsaron baya da ake kira Dogo Moro.

Wannan abu bai yi wa mutanen Kumasi daɗi ba ko kaɗan. Dama akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin Asante da gwamnatin Ankara, domin a Kumasi ne aka kafa babbar jam'iyyar adawa da Nkrumah a shekarar 1954, mai neman a bar wa kowane yanki ikon kansa. Saboda haka magoya bayan Kotoko suka ga an yi musu fin ƙarfi ne, an raba su da ɗan da suka rena. Gwamnati kuwa hujjarta ita ce gwani na ƙasa ne baki ɗaya, ba na gari ɗaya ba. Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Shi dai Baba Yara ya tattara ya koma Ankara.

Ta fuskar sakamako, dabarar ta yi aiki. Real Republikans ta ɗauki kofin ƙalubale sau huɗu a jere, daga 1962 zuwa 1965, ta kuma zama zakaran gasar ƙasa ta kakar 1962 zuwa 1963. Sai dai Baba Yara bai ga ƙarshen wannan kaka a tsaye da ƙafafunsa ba.

Hatsarin Kpeve

Ranar 24 ga watan Maris na 1963, Real Republikans ta je garin Kpando a jihar Volta, gabashin ƙasar, ta yi wasan gasa da ƙungiyar Volta Heroes, ta ci 5 da nema. A hanyar komowa Ankara, kusa da garin Kpeve, inda hanya take ratsa duwatsu, motar da ta ɗauko ƴan wasan ta yi hatsari. Da yawa sun ji raunuka, amma na Baba Yara ya fi muni, domin a ƙashin baya ya bugu, lakarsa ta taɓu. Laka ita ce igiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. In ta lalace, abin da ke ƙasa da wurin raunin yakan daina motsi, kuma ba ta cika warkewa ba.

Gwamnati ta sa aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa Ingila, asibitin Stoke Mandeville, wanda ya shahara wajen jinyar masu raunin laka. A can ne likita Ludwig Guttmann ya fara shirya wa majinyata wasannin motsa jiki a shekarar 1948, abin da daga baya ya zama gasar naƙasassu ta duniya. Jama'ar Gana suka zuba ido, suna fatan gwaninsu zai komo da ƙafafunsa. A watan Agusta na shekarar ya komo, amma bisa keken guragu.

A ƙarshen watan Nuwamba na 1963, Gana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, a farkon watan Disamba ta doke Sudan da ci 3 da nema a wasan ƙarshe, ta ɗauki kofin karo na farko. Ranar da aka daɗe ana shiri dominta ke nan, kuma dominta aka raba Baba Yara da Kumasi. Ta zo ba ya cikin fili. A 1965 abokansa suka sake ɗauko kofin a Tunis.

Ranar 24 ga watan Fabrairu na 1966 soja suka kifar da gwamnatin Nkrumah. Sabbin mahukunta suka rushe Real Republikans, ƴan wasanta suka watse, kowa ya nemi inda zai dafa. Ƙungiyar da Baba Yara ya karye a bakin aikinta ta ɓace, shi kuwa yana nan kwance. Ya yi shekara shida cikin jinya. Ranar 5 ga watan Mayu na 1969 Allah ya yi masa rasuwa a asibitin Korle Bu na Ankara, yana da shekara 32.

Komowar sunansa gida

Kotoko, wadda aka rage wa ƙarfi a 1961, ita ce ta wanzu. Ta ɗauki kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka na shekarar 1970, ta sake ɗauka a 1983. Babban filin Kumasi, wanda aka buɗe a 1959 lokacin Baba Yara yana cikin ganiyarsa, ya karɓi wasannin kofin Afirka a 1978 da 2000 da 2008. A shekarar 2004, zamanin shugaba John Kufuor, wanda shi ma ya taɓa shugabantar Kotoko, aka sa wa filin sunan Baba Yara. Shekara 35 ke nan bayan rasuwarsa. A nan Kotoko take karɓar baƙinta.

Wasan Baba Yara a manyan ƙungiyoyi bai wuce shekara takwas ba: shida a Kotoko, biyu a Real Republikans. Ba abokin karawa ne ya tsayar da shi ba, hanya ce. Wannan abin lura ne ga duk mai riƙe da al'amarin matasa da wasanni, tun daga ma'aikatar minista har zuwa shugaban ƙaramar ƙungiyar gari. Samarin Tasawa da na Mayahi su ma mota suke shiga su je wasa Maraɗi ko wani gari, su kamo hanyar gida bayan an tashi. Wanda ya kira yaro ya sa masa riga, nauyinsa bai ƙare da busar ƙarshe ta alƙalin wasa ba. Wajibi ne ya duba lafiyar motar da halin direbanta, ya guji tafiyar dare, ya kuma tanadi abin da za a riƙe ɗan wasa da shi in ƙaddara ta faɗa masa. Sa wa fili suna girmamawa ce mai kyau, amma mai sunan ba ya nan balle ya gani.

Allah ya jiƙan Usman Seidu, Baba Yara na Kumasi.