Romeyn de Hooghe, Mai Zanen da Ya Mayar da Sarkin Faransa Ɗan Kama

An haifi Romeyn de Hooghe a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a shekarar 1645. Sana'ar da ya tashi a cikinta mai son haƙuri ce: a shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a karce hoto da allura, a tsoma shi a ruwan asid ya ci inda aka karce, sannan a shafa tawada a buga a takarda. Faranti guda kan fitar da ɗaruruwan kwafi, kuma ko wanda bai iya karatu ba yana gane saƙon.

Sunansa ya fito ne a 1672, wadda mutanen ƙasar ke kira shekarar bala'i. Faransa da Ingila suka far wa Holan, fusatattun mutane kuma suka kashe jagoran gwamnati, Johan de Witt, da ɗan'uwansa Cornelis a birnin Hague. De Hooghe ya zana wannan kisa, ya kuma zana ta'asar da sojojin Faransa suka yi a garuruwan Bodegraven da Zwammerdam.

Da Yarima William na Orange ya haye zuwa Ingila a 1688 ya kawar da surukinsa Sarki James na Biyu, sai allurar De Hooghe ta koma zambo. Louis na 14, wanda fadawansa ke kwatanta shi da rana, ya fito a takardunsa cikin rigar wawan wasan kwaikwayo, James na biye da shi abin tausayi. Hotunan suna da kaifi, amma kada mai karatu ya ɗauka jarumtaka ce zalla. Kamar maroƙi, De Hooghe yana da ubangida, kuma William ya saka masa da muƙamin kula da ma'adinai a Lingen.

Abin da ya shuka ya tsiro masa a 1690. Manyan Amsterdam na takun saƙa da William, sai ƙasidu suka cika gari suna zargin mai zanen da saɓon Allah, da sata, da buga hotunan batsa. Tabon ya bi sunansa har bayan ransa.

Duk da haka bai ajiye allura ba. A 1701 ya fara fitar da Esopus in Europa, mujallar zambo inda dabbobi ke tsayawa a madadin sarakunan Turai, ta kuma fito sau 40. Ya rasu a Haarlem a 1708.