Waliyyi Ignatiyos na Loyola: Karayar Ƙafa da Idon Zuci

A ranar 31 ga watan Yuli kowace shekara Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Ignatiyos na Loyola. Tarihinsa ya shafe mu ƙwarai a wannan yanki, inda jama'a ke tahowa Aliero daga nesa neman masu ɗori, inda kuma samarinmu na Jega da Maiyama da Fagada sukan gamu da karaya ko targaɗe a filin ƙwallo da fagen kokawa.

An haife shi a shekarar 1491 a Loyola, arewacin ƙasar Sifen. Ya tashi a gidan manya, mai son ado da takobi da neman suna. A ranar 20 ga Mayu, 1521, yana cikin masu tsaron birnin Pamplona, harsashin igwar Faransawa ya farfasa masa ƙafar dama, ya kuma raunata ta hagu. Da aka kai shi gida, aka tarar ɗorin farko bai zauna daidai ba, sai aka sake karya ƙashin aka ɗora, a zamanin da babu maganin kashe zafi. Ya kai bakin mutuwa, amma a daren idin Waliyyai Bitrus da Bulus ya fara samun sauƙi.

Watanni ya yi a kwance. Ya nemi littattafan jarumai don ɗebe kewa, ba a samu kome a gidan ba sai tarihin Yesu Kristi da na waliyyai. A nan ya lura da abin da ya sāke rayuwarsa. Wani lokaci yakan hango kansa da idon zuci ya koma fada, yana burge jama'a. Yakan ji daɗi nan take, amma da tunanin ya wuce sai zuciyarsa ta bushe. Wani lokaci kuma yakan hango kansa yana tafiya Urushalima ba takalmi, yana koyi da Waliyyai Faransis da Dominik. Wannan tunani kuwa yakan bar shi da farin ciki da ƙarfin hali mai ɗorewa. Daga nan ya koyi auna kowane tunani da abin da ya bari a zuciya.

A shekarar 1522 ya tashi, yana ɗingishi, kuma da ɗingishin ya ƙare rayuwarsa. Duk da haka ya isa Urushalima a 1523, ya kuma taka da ƙafa zuwa Paris neman ilimi a 1528. Paparoma Bulus na Uku ya amince da ƙungiyarsa, Jama'ar Yesu, a 1540. A littafinsa na horon ruhu ya koya wa mai addu'a ya siffanta wuri a zuciyarsa kamar yana tsaye a ciki. Ya rasu a Roma ranar 31 ga Yuli, 1556, aka sa shi cikin waliyyai a 1622.

Masana lafiyar 'yan wasa a yau sukan umarci mai rauni ya riƙa siffanta kansa yana taka ƙafar, yana gudu, domin sassan ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsi suna aiki ko da a tunani ne, hakan kuma yakan rage tsoron komawa fili. Tunani ba ya haɗa ƙashi. Wannan aikin mai ɗori ne da likita da haƙuri. Amma saurayin da ya kwana yana ganin kansa ya zama nauyi ga iyayensa, gwiwarsa takan yi sanyi tun ƙashin bai haɗe ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan muka je gaida mai jinya, kada mu tsaya ga tambayar ƙafa kaɗai. Mu tambaye shi abin da yake gani idan ya rufe ido, mu taimake shi ya riƙe wanda ke barinsa da ƙarfin zuciya, ko da zai tashi da ɗingishi.