C.S. Lewis: Marayan da ya buɗe wa yara ƙofar Narnia

Ranar 22 ga Nuwamba, 1963, hankalin duniya ya karkata ga labarin harbe Shugaban Amurka John F. Kennedy, saboda haka mutane kaɗan ne suka lura da rasuwar wani malamin jami'a a gidansa da ke Oxford ta ƙasar Ingila. Shi ne Clive Staples Lewis, marubucin littattafan Narnia guda bakwai.

An haife shi a birnin Belfast da ke arewacin Ireland ranar 29 ga Nuwamba, 1898. Mahaifinsa lauya ne, gidansu kuwa cike yake da littattafai. Tun suna ƙanana, shi da yayansa Warren suka ƙago wata ƙasa ta dabbobi masu magana, suka raɗa mata suna Boxen. Wannan jin daɗi bai ɗore ba. A 1908, yana ɗan shekara tara, cutar daji ta yi ajalin mahaifiyarsa Flora, kuma bayan 'yan makonni aka tura shi makarantar kwana a Ingila.

Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ya ji rauni a Faransa a 1918. Daga 1925 ya koyar da adabin Ingilishi a Kwalejin Magdalen ta Oxford, har zuwa 1954 da Jami'ar Cambridge ta ba shi kujerar farfesa.

A 1939 aka sauke masa wasu yara daga cikin waɗanda aka kwashe daga Landan don gudun ruwan bama-bamai. Irin waɗannan yara ne taurarin littafinsa na 1950, The Lion, the Witch and the Wardrobe. A ciki, 'yan uwa huɗu suka bi ta kabad ɗin tufafi suka tsinci kansu a Narnia, ƙasar da wata mayya ta ɗaure cikin hunturu shekara ɗari, har zaki Aslan ya zo ya warware. Amininsa J.R.R. Tolkien bai yaba da littafin ba, amma yara suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Tabon maraicinsa ya fi fitowa a The Magician's Nephew na 1955. Yaro Digory, wanda mahaifiyarsa ke kwance rai a hannun Allah, ya dawo daga Narnia da tuffar da ta warkar da ita. Abin da ya gagari Lewis yana yaro, shi ya ba wannan yaro a takarda.

A zahiri kuwa bai samu irin wannan tuffa ba. Ya auri Joy Davidman, marubuciya 'yar Amurka, a 1956, ita ma cutar daji ta ɗauke ta a 1960. Shekara uku bayan haka ciwon ƙoda ya yi ajalinsa, saura mako guda ya cika shekara 65.