Johann Peter Salomon (1745–1815): Makaɗin da Ya Kawo Haydn Landan

Gabatarwa

Tarihin kiɗan Turai ya fi kula da waɗanda suka tsara kiɗa, sai kuma waɗanda suka kaɗa shi. Ba kasafai ake waiwayar mutumin da ya kama hayar zaure, ya tara makaɗa, ya sayar da tikiti, ya kuma ɗauki asara a wuyansa idan jama'a ba su zo ba. Johann Peter Salomon yana cikin 'yan ƙalilan na wannan rukuni da sunansu bai ɓace ba. Makaɗin gogen Turawa ne na gaske, amma abin da ya tsayar da sunansa shi ne shirya tarukan kiɗa a Landan, musamman gayyato Joseph Haydn daga Biyana har sau biyu. Rayuwarsa ta faɗo daidai lokacin da kiɗa ke fita daga hannun sarakuna yana komawa hannun masu biyan kuɗin shiga.

Haihuwa da tasowa

An haifi Salomon a birnin Bon na ƙasar Jamus a 1745. Mahaifinsa makaɗin fada ne, don haka gado ya tarar. Yana ɗan shekara 13 ya shiga ƙungiyar makaɗan fadar Bon. Daga baya ya zama shugaban makaɗa a fadar Yarima Heinrich na Furusiya a Rheinsberg, inda ya yi shekaru yana kaɗawa yana kuma tsara wasannin opera. Iyalinsa sun san iyalin Beethoven tun a Bon, kuma wannan sanayya ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa. A 1781 ya isa Landan, ya fara bayyana a gidan wasa na Covent Garden, daga nan bai sake komawa aikin fada ba.

Kasuwar kiɗa a Landan

Landan ta wancan zamani ta bambanta da biranen Jamus. A can makaɗi bara ne, yana da ubangida mai ci da shi, mai tufatar da shi, mai kuma iko da abin da ya tsara. A Landan kuwa akwai attajirai da manyan ma'aikata masu son kiɗa, kuma suna biya. Tsarin da aka saba shi ne mai shiri ya sanar da jerin taruka na kaka guda, mutane su biya kuɗin duka tun kafin a fara. Da wannan kuɗi ake biyan zaure da makaɗa da mawaƙa da masu kwafe takardun kiɗa da hannu. Babban zauren wannan harka shi ne Hanover Square Rooms, wanda aka buɗe a 1775, inda Johann Christian Bach da Carl Friedrich Abel suka yi tashe. Bayan su wata ƙungiya mai suna Professional Concert ta riƙe fagen. Salomon ya soma shirya nasa tarukan a shekarun 1780, amma yana buƙatar sunan da zai rinjayi jama'a zuwa gare shi. Sunan da ya fi kowane nauyi a Turai a lokacin shi ne na Haydn, wanda mutanen Landan suka daɗe suna jin kiɗansa ba su taɓa ganin fuskarsa ba. An sha ƙoƙarin kawo shi, abin bai yiwu ba, saboda tun 1761 yake hidima a gidan sarautar Esterházy kuma bai ga damar barin ubangidansa ba.

Tafiya Biyana

A watan Satumba na 1790 Yarima Nikolaus Esterházy ya rasu. Magajinsa Anton ba mai sha'awar kiɗa ba ne, sai ya sallami yawancin makaɗan fada, ya bar wa Haydn muƙaminsa da albashi ba tare da wani aiki ba. Labarin ya riski Salomon a Kolon, inda ya je neman mawaƙa. Bai aika wasiƙa ba, bai kuma tura wakili ba. Da kansa ya kama hanyar Biyana. Wannan hanzari shi ne mafi girman abin da ya yi a sana'arsa, domin ba shi kaɗai ke zawarcin Haydn ba, Sarkin Naples ma yana so.

Yarjejeniyar da aka ƙulla ta kai fam 1,200. Fam 300 na opera ne da za a tsara wa Giovanni Gallini na King's Theatre, fam 300 na simfoni shida, fam 200 na haƙƙin mallakarsu, fam 200 na wasu ƙananan ayyuka ashirin, sai fam 200 da aka lamunce masa daga taron da za a yi don amfaninsa shi kaɗai. Abin lura a nan shi ne an ware kuɗin tsara kiɗa daban da kuɗin mallakarsa, abin da makaɗin fada bai saba da shi ba, tunda shi duk abin da ya tsara na ubangida ne. Suka bar Biyana a ranar 15 ga Disamba, suka ratsa ta Bon, suka haye teku daga Calais zuwa Dover a ranar 1 ga Janairu, 1791. Haydn yana da shekara 58, bai iya Ingilishi ba, kuma wannan ne karo na farko da ya ga teku. Salomon ya sauke shi a gidan da shi ma yake zaune, a titin Great Pulteney.

An buɗe kakar a ranar Juma'a 11 ga Maris, 1791. Makaɗa kusan 40 ne, fiye da waɗanda Haydn ya saba da su a fada. A lokacin ba a fara tsayar da mutum guda da sanda a gaban makaɗa ba, sai aka raba jagoranci biyu: Haydn yana zaune a gaban fiyano, Salomon yana ja da gogensa. Sabon simfoni ana ajiye shi sai farkon kashi na biyu na taron, saboda manyan gari sukan makara, kuma ba a so a ɓata sabon aiki da ƙarar kujeru. Opera ɗin da aka tsara wa Gallini ba a nuna shi ba, domin gidan wasan bai sami lasisi ba, sai a 1951 aka fara nuna shi a Florence. Tarukan Salomon kuwa sun karɓu ƙwarai. A wannan shekara Haydn ya halarci bikin tunawa da Handel a Westminster Abbey, inda makaɗa da mawaƙa fiye da 1,000 suka haɗu, kuma Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa.

Abokan hamayya ba su zauna ba. A kakar 1792 Professional Concert ta ɗauko Ignaz Pleyel, wanda almajirin Haydn ne, don a gwara malami da ɗalibinsa. Mutanen biyu ba su yarda abin ya zama gaba ba, suna cin abinci tare suna halartar tarukan juna, amma gasar ta tilasta wa Haydn yawan fitar da sabon aiki. A cikin wannan matsi aka fara kaɗa simfoni na 94 a ranar 23 ga Maris, wanda ya shahara da bugu mai ƙarfi da ke faɗowa ba zato a tsakiyar kiɗa mai taushi. Bayan shekara guda Professional Concert ta rushe.

Zuwa na biyu da yaƙi

Haydn ya koma gida a 1792, ya dawo Landan a Fabrairun 1794. A tsakanin nan Faransa ta shelanta yaƙi da Birtaniya a 1793, kuma wannan ya taɓa sana'ar Salomon kai tsaye, domin manyan mawaƙa daga nahiyar ake ɗauko su. Ya kammala kakar 1794, inda aka fara kaɗa simfoni na 99 da na 100 da na 101, amma a farkon 1795 ya sanar da dakatar da tarukansa saboda rashin mawaƙa. Simfoni uku na ƙarshe, 102 zuwa 104, an kaɗa su ne a King's Theatre ƙarƙashin shirin da Giovanni Battista Viotti ya jagoranta. Ke nan daga cikin sha biyun da ake kira simfonin Landan, tara ne aka fara ji a tarukan Salomon, ko da yake wasu sukan laƙaba wa dukansu sunansa.

Bai bar haƙƙin mallakar da ya saya ya kwanta ba. Ya sake tsara simfonin domin makaɗa ƙalilan, yadda za a iya kaɗa su a falon gida, ya buga ya sayar. A zamanin da babu faifai, ta wannan hanya ce mutanen da ba su taɓa shiga Hanover Square ba suka san waɗannan ayyuka.

A fagen kiɗa mai ayarin mawaƙa sa'arsa ba ta kai haka ba. Marubuta tarihin Haydn na farko sun ruwaito cewa Salomon ne ya miƙa masa rubutun Ingilishi a kan halittar duniya, da fatan za a tsara masa aikin. Haydn ya tafi da rubutun Biyana, Gottfried van Swieten ya mayar da shi Jamusanci, aka fara gabatar da The Creation a can a 1798. Ko a Landan ma an riga shi: John Ashley ya gabatar da aikin a Covent Garden a ranar 28 ga Maris, 1800, na Salomon bai zo ba sai 21 ga Afrilu a King's Theatre. Mutumin da ya ci nasara da hanzari a 1790, da hanzari aka kayar da shi bayan shekara goma.

Shekarun ƙarshe

A 1813 makaɗan Landan su 30 suka kafa Philharmonic Society, don kada harkar kiɗa ta ci gaba da rataya a aljihun mutum guda. Salomon yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma shi ya ja makaɗa a taronta na farko a Argyll Rooms ranar 8 ga Maris, yana da shekara 68, Muzio Clementi yana kan fiyano. Wannan ƙungiya ce daga baya ta biya Beethoven fam 50 domin simfoninsa na tara. Salomon bai ga wannan ba. Ya faɗo daga kan doki a 1815, ya yi jinya, ya rasu a watan Nuwamba na shekarar. Beethoven ya nuna alhininsa a wasiƙar da ya aika wa Ferdinand Ries, yana tuna shi tun ƙuruciyarsa a Bon. An binne shi a harabar Westminster Abbey, kuma rubutun da ke kan kabarinsa ya ambaci cewa shi ya kawo Haydn Ingila a 1791 da 1794.