Hugh Owen Thomas: Ɗan Maɗori Wanda Ƙarfensa Ya Ceci Sojoji

Duk wanda ya taɓa ganin hatsarin babur a kan hanyar da ta ratsa Palladan, daga Sabon Gari zuwa Samaru, ya san yadda mukan ruga mu ciccibi mai karaya, ƙafarsa tana lilo. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo tarihin wani likita wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da cewa ƙashin da ya karye ba ya son motsi.

An haifi Hugh Owen Thomas a shekarar 1834 a tsibirin Anglesey na yankin Wales, a Birtaniya. Gidansu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, Evan Thomas, ya yi suna a birnin Liverpool, amma da yake ba shi da takardar likita, an sha kai shi kotu. Sai ya tura 'ya'yansa maza biyar karatun likita. Hugh ya yi karatu a Edinburgh da Landan, ya sami shaidar aikin tiyata a 1857.

A Liverpool ya zauna, yana jinyar 'yan dako da ma'aikatan tashar jiragen ruwa, ranar Lahadi kuwa yakan duba matalauta kyauta. Yana da maƙeri da baduku masu haɗa masa kayan ɗori. A littafinsa na 1875 ya bayyana wani ƙarfe da ya ƙirƙiro: zobe ne da aka naɗe da fata, ana zura ƙafa a ciki har ya tokare gindin cinya, sanduna biyu su sauko ta gefe da gefe su haɗu a ƙarƙashin tafin ƙafa. Don gwiwar da cutar tarin fuka ta ci ya fara yin sa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1891, yana da shekara 56.

Bayan shekara 23 aka fara Yaƙin Duniya na Farko. Idan harsashi ya farfasa ƙashin cinya, naman cinya yakan ja guntayen su hau juna, kaifinsu ya yanka jijiyoyin jini. Kowane girgizar gadon ɗaukar majinyaci yana ƙara ɓarna. Ga ƙasa da tsumman riga da harsashi ya tura cikin rauni, ga shi ba a sami penisilin ba tukuna. An ƙiyasta cewa a farkon yaƙin, kimanin 80 cikin 100 na masu irin wannan karaya sun mutu.

Robert Jones, ɗan ɗan'uwan matar Thomas, wanda ya tashi a gidansa ya koyi aiki a hannunsa, shi aka ɗora kan harkar ƙashi ta sojojin Birtaniya a 1916. Ya sa aka kai ƙarfen nan bakin daga a Faransa. Aka horar da masu ɗaukar raunanannu har suna iya ɗaura shi ido a rufe, a kan wando da takalmi, su ja ƙafar su ɗaure ta a ƙarshen sandunan kafin a ɗaga soja. A yaƙin Arras na 1917, masu mutuwa ba su kai 20 cikin 100 ba.

Har yau ana amfani da irin wannan ƙarfe a asibitoci. Mu ma, in tsautsayi ya auku, mu tare jini da ƙyalle mai tsabta, mu ɗaure ƙafar a jikin katako ko sanda kafin mu ɗaga mutum. Maɗoranmu na gargajiya sun san amfanin karan ɗori, amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda harsashi ya yi, ta asibiti ce, kamar Asibitin Koyarwa na Shika ko na ƙashi da ke Dala a Kano. Allah ya kiyaye mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.